Sayanaid a wutsiyar tauraruwa: gubar gaskiya ce, amma ta ina za ta iso?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Wata ɗalibata ta nuna mini labari a waya cewa masana sun gano gubar sayanaid a jikin tauraruwa mai wutsiya, kuma wai duk lokacin da irin wannan tauraruwa ta gitta kusa da duniya, gubar na iya sauka cikin iskar da muke shaƙa ta lalata ƙwayoyin halittar jikinmu. Na ce mata ba na jin haka ne, amma da ta ce in ba ta dalili sai na rasa ta cewa. Shin da gaske akwai guba a can? In akwai, me take yi wa ƙwayar halitta, kuma me ya hana ta cutar da mu?"

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai ki gaishe mini da ɗalibar nan. Yarinyar da za a ce wa "ba haka ba ne" ta ce "to mene ne dalili?" ta riga ta kama hanya.

Tambayarki uku ce a ƙunshi ɗaya. Akwai guba a jikin tauraruwa mai wutsiya? Akwai, kuma ba sayanaid kaɗai ba. Irin wannan guba tana lalata ƙwayar halitta? Ƙwarai kuwa, na sha ganin ta tana yi. Za ta iya saukowa daga can ta same mu? A nan ne labarin ya karkace. Wanda ya rubuta shi ya ɗauko gaskiya biyu ne ya ɗinke su da zaren ƙarya, shi ya sa yake da wuyar ƙaryatawa a tsaye, domin duk gefen da kika taɓa sai ki ji gaskiya. Abin da ya tsallake shi ne adadi da hanya: gubar nawa ce, kuma ta wace ƙofa za ta shiga jiki.

Ya kamata ki san inda nake tsaye. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje yake, ina nazarin yadda sinadarai masu guba ke taɓa ƙwayoyin halittar da muke reno a faranti. Ni ba masanin taurari ba ne. Abin da zan faɗa a kan sama rahoton masu fannin ne, waɗanda nake bi sau da ƙafa saboda sinadaran da suke ambatawa su ne ke kulle a cikin kabad ɗina. Abin da zan faɗa a kan ƙwayar halitta kuwa aikin hannuna ne.

Yadda aka san abin da ke cikinta

Tauraruwa mai wutsiya ba tauraruwa ba ce irin rana, suna ne kawai ya bi ta. Dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura da tsakuwa, yawanci faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba, ragowar kayan da rana da duniyoyinta suka samu daga gare su shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Idan tafiya ta kawo dunƙulen kusa da rana, ƙanƙarar ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take tashi ta zama tururi, ta kwaso ƙura, ta lulluɓe shi kamar hazo. Hasken rana da iskar da ke fitowa daga rana su ke tura wannan hazo baya ya zama wutsiya, shi ya sa kullum wutsiyar ke ba wa rana baya, ko ina tauraruwar ta nufa. Fred Whipple na Amurka ne ya kawo wannan bayani na dunƙulen ƙanƙara mai datti a 1950, kuma a watan Maris na 1986 kumbon Giotto na Turai ya gitta kimanin kilomita 600 daga tsakiyar tauraruwar Halley, ya aiko da hoton wani baƙin dunƙule yana feso tururi ta 'yan wurare.

Sanin sinadaran kuwa ya riga zuwan kumbo da nisa. Kowane sinadari, in hasken rana ya buge shi, yana mayar da haske a wasu launuka nasa na kansa, kamar zanen yatsa. In aka tsaga hasken tauraruwar aka baje shi kamar bakan gizo, sai a ga layuka masu haske a gurare sanannu. A 1881 William Huggins a Ingila ya ɗauki hoton irin wannan bajajjen haske na wata babbar tauraruwa mai wutsiya, ya ga layukan da masana sinadarai ke kira na sayanojin, can ƙarshen launin shunayya. Abin da ke ba da layukan ɗan gutsure ne, zarrar kabon ɗaya maƙale da zarrar naitirojin ɗaya. Daga baya aka gane cewa kaso mai yawa na wannan gutsure ɓaraguzan haidirojin sayanaid ne, wato gubar sayanaid a siffar iska, da hasken rana ya fasa. Shi kansa haidirojin sayanaid ɗin an fara tsinkayo shi da na'urar hangen rediyo a tauraruwar Kohoutek, wadda ta zo a ƙarshen 1973.

Wani kuskure da nake yawan gani, tun da mun zo nan: duk lokacin da koriyar tauraruwa ta bayyana, kamar wadda aka yi ta ɗaukar hotonta a farkon 2023, sai a ce korenta na sayanaid ne. Ba nasa ba ne. Koren daga wani gutsure ne na zarrar kabon biyu, wanda hasken rana ke tarwatsawa cikin kwana biyu ko makamancin haka, shi ya sa kan tauraruwar ke yin kore amma wutsiyar ba ta yi. Hasken sayanojin ido da ƙyar yake ganinsa.

Tsoron da ɗalibarki ta karanta ma tsoho ne, ya haura shekara ɗari. A watan Fabrairu na 1910, lokacin da Halley ke tahowa, cibiyar hangen taurari ta Yerkes a Amurka ta ba da rahoton ganin sayanojin a cikinta, ga shi kuma lissafi ya nuna duniya za ta ratsa wutsiyarta a watan Mayu. Jaridar New York Times ta ruwaito masanin taurari na Faransa Camille Flammarion yana cewa iskar na iya cuɗanya da tamu ta hallaka masu rai. Yawancin abokan aikinsa sun fito sun ce ba abin da zai faru, amma wa ke sauraron mai cewa a kwantar da hankali? Mutane suka sayi takunkumin gas, wasu suka toshe ramin makulli da ƙasan ƙofa da tsumma, 'yan damfara suka yi ta sayar da ƙwayoyin da suka ce maganin tauraruwa ne. Daren 18 zuwa 19 ga Mayu ya zo ya wuce, gari ya waye lafiya lau.

Gani ya kori ji a 2014. Kumbon Rosetta, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a Maris na 2004, ya isa tauraruwar 67P, wadda Klim Churyumov da Svetlana Gerasimenko suka gano a 1969, ya kuma yi fiye da shekara biyu yana shawagi a gefenta har 30 ga Satumba 2016. A jikinsa akwai na'urar da ake kira ROSINA, ƙarƙashin jagorancin Kathrin Altwegg ta Jami'ar Bern a Suwizalan, wadda ke haɗiye tururin tauraruwar ta auna nauyin kowace ƙwayar sinadari. Mafi yawan tururin ruwa ne, sai kabon dayoksaid da kabon monoksaid. Bayan su ne jerin da zai tayar wa duk masanin guba hankali ya biyo: haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, amoniya mai zarnin fitsari, fomaldihaid, metanol, salfa dayoksaid, da haidirojin sayanaid. Shi na ƙarshen, a yawancin taurari masu wutsiya da aka auna, bai wuce ƙwaya 1 ko 2 ga kowace ƙwayar ruwa 1,000 ba. Ki riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi.

Abin da sayanaid ke yi a cikin ƙwayar halitta

Nan ne fagena, saboda haka ki yi haƙuri in ɗan tsaya.

Muna cewa mutum yana numfashi da huhu, amma huhu ɗan aike ne kawai. Numfashin gaskiya a cikin ƙwayar halitta ake yinsa, a wasu 'yan ɗakuna da ake kira maitokondiriya. A jikin bangon cikinsu akwai jerin furotin masu karɓar ilektiron da aka zare daga abinci suna miƙa wa juna, kamar leburori a layi suna miƙa bulo hannu da hannu. Ƙarfin da ke fita daga wannan miƙe-miƙe da shi ake haɗa ATP, wanda shi ne kuɗin da ƙwayar halitta ke biyan kowane aiki da shi. Babu asusun ajiya mai yawa, ana yi ana kashewa ne, har ta kai a yini guda jikin mutum na juya ATP da ya kusa nauyinsa. Na ƙarshe a layin shi ne saitokurom oksides, furotin mai ɗauke da zarrar ƙarfe da ta tagulla, wanda ke ɗora ilektiron a kan oksijin ya mai da shi ruwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na oksijin da muke shaƙa a hannunsa yake ƙarewa. Otto Warburg a Jamus da David Keilin a Cambridge su suka warware wannan a shekarun 1920, kuma sayanaid da kabon monoksaid na cikin kayan aikin da suka gano shi da su: sun gane akwai ƙarfe a wurin ne saboda guba masu son ƙarfe na tsayar da shi.

Sayanaid ƙarami ne, yana ratsa bangon ƙwayar halitta ba tare da neman izini ba, ya je ya zauna daram a kan wannan ƙarfe. Lebura na ƙarshe ya daina karɓar bulo, na bayansa ya tsaya da nasa a hannu, haka har farkon layi.

Akwai na'urar da muke ganin wannan da ita, ilektirod ɗin Clark, da sunan Leland Clark wanda ya ƙirƙiro ta a shekarun 1950. Ɗan ƙaramin kofin gilashi ne da bai ɗauki cikin ƙaramin cokali ba. Muna zuba miliyoyin ƙwayoyin halitta a ciki cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, wani ɗan maganaɗisu na jujjuyawa a ƙasa, sai a toshe. A allon kwamfuta layin oksijin zai riƙa gangarowa a hankali, alamar suna numfashi. Sai a ɗauki siririyar allura a sa ɗigon potasiyam sayanaid ta ɗan ramin murfin. Kafin ki ajiye allurar a kan tebur, layin ya daina gangara, ya miƙe ɗoɗar. Oksijin na nan a kofin, ba wanda ke taɓa shi. Ranar da na fara gani, sai da tsigar jikina ta tashi. Yanzu kuwa da gangan muke yin haka a ƙarshen gwaji, domin duk oksijin da aka ci bayan an sa sayanaid mun san ba maitokondiriya ce ta ci shi ba, sai mu cire shi daga lissafi.

Wannan ne ya sa jinin da ke dawowa zuciya a jikin wanda ya sha sayanaid kan zama ja-jawur kamar na jijiyar da ke fita: ya kai kaya an ƙi sauke masa. Ƙwayar halitta da ta rasa mafita sai ta koma tsohuwar hanya ta fasa sukari ba da oksijin ba, wadda ke ba da ATP 2 a inda ake samun kusan 30, ta kuma bar asid ɗin laktik yana taruwa har jini ya yi tsami. Famfunan da ke bangon ƙwayar, masu fitar da sodiyam da kalsiyam, su ma da ATP suke aiki. Da sun tsaya, sodiyam ya shigo ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura; kalsiyam ya kwararo ya tada wasu furotin masu narkar da abu, su fara cin gidansu. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta kashi 2 ne cikin 100 na jiki amma take cin kashi 20 na oksijin, ita da zuciya ne ke fara faɗuwa. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa ko a jikinsu, domin ba su da maitokondiriya.

Bari in ba ki labarin wautar da na yi a farkon aikina, don ta koya mini abin da littafi bai koya mini ba. Na sa sayanaid a kan ƙwayoyin da asalinsu daga ciwon daji aka samo su, na dawo washegari ina sa ran ganin gawarwaki, sai na tarar da su shimfiɗe a faranti lafiyarsu ƙalau. Na ƙara adadi, haka. Na yanke hukunci kwalbar ce ta lalace, har na rubuta a sayo sabuwa. Wata babbar ma'aikaciya a ɗakin ta dubi takardar ta tambaye ni sukari nawa ne a ruwan da nake renon su. Ashe abu biyu ne suka haɗu. Irin waɗannan ƙwayoyi, in an cika musu sukarin gulukos, da ma ba su dogara da maitokondiriya sosai ba, abin da Warburg ya lura da shi tun a shekarun 1920. In aka musanya gulukos da galaktos, wani nau'in sukari da ke tilasta musu numfashi, sai gubar ta nuna kanta. Na biyu, a ruwan da ma'aunin tsaminsa ya yi daidai da na jini yawancin sayanaid na komawa haidirojin sayanaid, wanda ke tafasa a digiri 26, don haka a cikin akwatin reno mai digiri 37 sai ya yi ta tashi yana barin farantin. Sinadari ɗaya, adadi ɗaya, amma sakamako ya bambanta saboda wace ƙwaya ce, me ta ci, kuma gubar ta daɗe a wurin ko ta gudu. Tun daga nan ba na yarda da labarin da ya ambaci sunan guba ya yi shiru a kan sauran. Haka nan ba na yarda a ɗauki sakamakon faranti a liƙa wa mutum kai tsaye, domin faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda.

Sauran da Rosetta ta shinshino kowanne da salonsa. Haidirojin salfaid wurin sayanaid yake kamawa, kuma makircinsa shi ne in ya yi yawa sai ya kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka iskar ta wuce. Kabon monoksaid yana maƙale wa himogulobin, furotin jini mai ɗaukar oksijin, fiye da oksijin sau 200 da wani abu, ya hana jini ɗaukar kaya tun daga huhu. Fomaldihaid yana ɗinke furotin da DNA wuri ɗaya, shi ya sa ake adana gawa da shi, kuma a 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon ga ɗan Adam. Metanol shi kansa ba shi ne mugun ba, hanta ce ke juya shi ya zama asid ɗin fomik, wanda ke toshe saitokurom oksides ɗin nan, jijiyar gani ta fara tafiya.

Lissafin da labarin ya tsallake

A cikin kowane ɗan akwatin iska mai santimita ɗaya ta kowane gefe, akwai ƙwayoyin sinadari kimanin biliyan sau biliyan sau 25. Haidirojin sayanaid na kashe mutum cikin mintoci in ya kai wajen kashi 300 cikin miliyan, wato ƙwaya miliyan sau biliyan sau 7.5 a wannan ɗan fili. A wutsiyar tauraruwa, wurin da duniya za ta iya ratsawa, duk abin da ke cikin fili irin wannan bai kai abin da ke saura a tulun da muka zuƙe wa iska da mafi kyawun famfon ɗakin gwaji ba, kuma a cikinsa ma sayanaid ɗan mitsitsi ne. Muna ganin wutsiyar ne saboda tsawonta miliyoyin kilomita ne kuma bayanta baƙin sama ne, ba don kaurinta ba. Ƙari a kan haka, hasken rana na fasa haidirojin sayanaid cikin kusan kwana ɗaya a nisa irin namu daga rana, kuma ɓangaren wutsiyar da yake iska ce mai ɗauke da cajin lantarki, maganaɗisun duniya na karkatar da shi tun daga nesa.

Ga wani lissafi da za ki iya yi da ɗalibanki a allo, na ƙirƙire shi ne don ya fi gaskiya muni. Nauyin 67P kimanin tan biliyan 10 ne. Mu ɗauka kashi 2 cikin 1,000 na dukan nauyinta sayanaid ne, alhali na san ya zarce gaskiya tun da kaso mai yawa na jikinta ƙura ce. Ya ba mu tan miliyan 20. Mu ɗauka an sauke shi duka a iskar duniya, ba ƙwaya ɗaya da ta ƙone. Nauyin iskar duniya kimanin tan miliyan sau biliyan sau 5 ne. In kika raba, kashi 4 ne cikin biliyan. Iyakar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa wa masana'antu kashi 10 ne cikin miliyan, wato ninkin wannan sau 2,500. Kuma da ma iskar da muke shaƙa yanzu tana da ɗan haidirojin sayanaid, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kashi ɗaya cikin biliyan, mafi yawa daga gobarar daji.

Kada a fahimce ni ba daidai ba: dunƙule mai faɗin kilomita 4 in ya faɗo wa duniya, bala'i ne. Amma bala'in na gudu ne da nauyi, ba na guba ba. A Yuli na 1994 gutsattsarin tauraruwar Shoemaker-Levy 9, guda ashirin da wani abu, suka afka wa duniyar Mushtari (Jupiter), suka bar baƙaƙen tabo, wasu sun kai girman duniyarmu. An yi shekaru ana ganin haidirojin sayanaid a saman iskar Mushtari bayan haka, kuma masana na ganin zafin karon ne ya haɗa shi a wurin.

Ƙurar taurari masu wutsiya kuwa tana sauko mana kullum. Sau biyu a shekara, a Mayu da Oktoba, duniya na ratsa ƙurar da Halley ta zubar a hanyarta, mu ga ruwan taurari masu faɗuwa. Na watan Agusta daga tauraruwar Swift-Tuttle ne. Ƙwayoyin na ƙonewa a tsawon kilomita 80 zuwa 120 sama da kanmu. Masu bincike da suka tace dusar ƙanƙara a tashar Concordia ta Antatika sun ƙiyasta a 2021 cewa kimanin tan 5,200 na ƙurar sama ke isowa ƙasa duk shekara, mafi yawanta daga taurari masu wutsiya. Haka ake yi tun kafin a yi mutum. A ƙarshen shekarun 1970 Fred Hoyle da Chandra Wickramasinghe sun yi da'awar cewa annobar mura daga irin wannan ƙura take, amma masu nazarin cututtuka sun bi sawun yaɗuwar murar daga mutum zuwa mutum da dabba zuwa mutum, da'awar ba ta samu gindin zama ba.

Jiki ma ba a buɗe yake ba. Akwai wani furotin, rodanis, mai yawa a hanta, wanda ke liƙa wa sayanaid zarrar salfa ya mai da shi tayosayanet, ƙoda ta fitar a fitsari. Ɗan kaɗan-kaɗan da ke shigowa daga hayaƙin taba ko 'ya'yan wasu tsirrai haka ake share shi. Guba na faruwa ne in shigowa ta fi sharewa sauri. Da yake kamun da sayanaid ke yi wa ƙarfen nan yana sakuwa, magani na aiki in an yi hanzari: haidirokso-kobalamin na cafke shi ya zama bitamin B12, ya fita a fitsarin da ya koma ja kamar jan giya, ko kuma a ba da sodiyam tayosalfet don ƙara wa rodanis salfa. Inda mutane ke haɗuwa da sayanaid mai kisa a zahiri shi ne hayaƙin gobara a rufaffen ɗaki, in soso da ulu da wasu robobi na ci, sai wuraren tace zinari da masana'antun rufa wa ƙarfe fenti na lantarki. In akwai abin da ya kamata ɗalibai su ji tsoro, hayaƙin ne.

Fuskar sayanaid ta biyu

Abin da ya sa masana ke ɗokin ganin sayanaid a can ba tsoro ba ne. A farkon shekarun 1960 Joan Oró, ɗan Sifen da ke aiki a Houston, ya dafa haidirojin sayanaid da amoniya a ruwa, sai ga adenin, ɗaya daga harufa huɗu na DNA, kuma wani ɓangare na ATP ɗin nan da sayanaid ke hana yi. In kika ƙirga zarrar adenin, kabon 5 ne, haidirojin 5, naitirojin 5: haidirojin sayanaid biyar cif a haɗe. Shi Oró ɗin ya kawo shawarar cewa taurari masu wutsiya na iya zama su suka kawo wa duniya irin wannan kaya a farkonta. A 2015 ƙungiyar John Sutherland a Cambridge ta nuna cewa daga haidirojin sayanaid da haidirojin salfaid da hasken rana mai ƙuna ana iya samun tubalan RNA da na furotin da na kitse. A ɓangaren sama kuma, kumbon Stardust na Amurka ya kamo ƙurar tauraruwar Wild 2 a 2004, ya jefo ta a hamadar Utah a Janairun 2006, a 2009 aka sanar da samun gilaisin a cikin samfurin, wanda shi ne mafi sauƙin tubalan furotin. A 2016 aka sanar cewa ROSINA ta same shi kai tsaye a tururin 67P, tare da fosfaras.

A wurina wannan ba abin mamaki ba ne. Halin da ya sa sayanaid ke cafke ƙarfe a maitokondiriya, wato saurin kama duk abin da ya samu, shi ne ya sa yake da daɗin gini. Kuma duniyar farko ba ta da oksijin a iska, ba a yi saitokurom oksides ba tukuna balle a toshe shi. Sai dai a nan ake shafa wa labari shuni ta ɗaya gefen: samun gilaisin ba samun rai ba ne, kamar yadda samun bulo ba samun gida ba ne. Ko duniya ta haɗa nata kayan da kanta, ko daga sama aka kawo, ko duka biyun, magana ce da masu fannin ba su rufe ba. Ko a kan ruwa ma, Rosetta ta tarar ruwan 67P na da haidirojin mai nauyi kusan ninki uku na ruwan tekunmu, abin da ya raunana tunanin cewa irinta ne suka cika tekuna, kuma har yanzu ana muhawara a kan awon.

In kina son ɗalibai su ga numfashin ƙwayar halitta da idonsu, kada ki kusanci sayanaid, ba kayan makaranta ba ne. Mu ma a ƙarƙashin murfin zuƙe iska muke buɗe shi, ba ma barin asid kusa da shi, kuma ba a dogara da hanci, don akwai mutanen da a halittarsu ba sa jin warinsa. Ki samo yis na burodi ki dama da ruwan ɗumi da ɗan sukari, ki raba a kwalaben gwaji biyu, ki tafasa ɗaya ya huce. Ki ɗiga wa kowanne ɗan shuɗin metilin, ki ajiye su a ruwan ɗumi ba tare da girgizawa ba. Cikin 'yan mintoci mai rai zai fara kodewa, domin ilektiron ɗin da yis ke zarewa daga sukari na sauka a kan shuɗin, dafaffen kuwa zai tsaya shuɗi yadda yake. Sai ki ba ɗalibar nan kwalbar mai rai ta girgiza, oksijin ya shiga, shuɗin ya dawo a hannunta.